Nishi Biyu da Rabi

A layin makanikai na Kawo, can bayan tasha, ba a ɗaure notin kwanrod da lissafi. Da nishi ake ɗaure shi. Ka kafa sifana, ka gyara tsayuwa, ka ja har nishi ya fito maka daga ciki, ɗaya ke nan. Ka sake ja, biyu. Na ukun kuwa ba a barinsa ya fito duka, da ka ji ya iso maƙoshi sai ka haɗiye sauran. Nishi biyu da rabi, noti ya zauna, sai a wuce na gaba.

Wanda bai san cikin inji ba zai ɗauka wasa ne. Kwanrod shi ne ƙarfen da ya haɗa fistin da karanshaf, yana hawa yana sauka sau dubbai kafin ka gama shan kofin shayi, kuma noti biyu kacal ke riƙe da kowanne. In suka yi sako-sako inji ya buga. In abin ya zo da ƙarar kwana ma ƙarfen ya fasa bulok, wato gangar jikin injin, ya fito shan iska.

Baba Ezra ne ya kawo wannan awo layin, tun yana saurayi ɗan Kagoro mai ƙirji kamar ƙofar gareji. Shekara arba'in ke nan. Duk wanda ke riƙe da sifana a layin yau, ko yaronsa ne ko yaron yaronsa, don haka nishin kowa daga nasa aka kwafo. Har ƙa'idoji aka yi wa abin. Mai azumi yana ƙara rabin nishi, musulmi ne ko kirista. Wanda ya tashi daga kan tuwo yana rage rabi. Mai mura ba ya ɗaure ƙasan inji sam, sai ya warke. An taɓa samun wani da ya yi hayar abokinsa ya yi masa nishin shi kuma yana ja, ƙungiya ta dakatar da su duka biyun mako guda.

To, tsufa bai yi wa Baba Ezra sallama ba, shigowa kawai ya yi. Bai taɓa idonsa ba, bai taɓa kunnensa ba. Nishinsa ya je ya karya wa daraja. Mutumin da a da sai ya ɗaga giyabos shi kaɗai kafin a ji ɗuriyarsa, yanzu in zai zauna nishi, in zai tashi nishi, in zai sa takalmi nishi biyu, ƙafa ɗaya ɗaya. Shi bai lura ba. Yana kafa sifana, kafin noti ya san an zo kansa, nishi biyu da rabi sun riga sun cika, sai ya sauke hannu ya ce a rufe.

Injin farko da ya buga na wata bas ce mai jigilar Rigachikun. Kwanrod ya fasa gefen bulok ya yi tsalle ya dira cikin tiren mai sayar da rake, mai raken kuma ya ƙi bayarwa, ya ce abin da ya faɗo daga sama rabonsa ne. Baba Ezra ya ce baƙin mai ne na jabu. Na biyu motar wani hedimasta ce, ta buga a tsakiyar gadar Kawo ranar Litinin da safe, ta tsayar da rabin ma'aikatan Kaduna awa biyu. Baba Ezra ya ce hedimasta ne bai iya tuƙi ba. Amma daga ranar masu mota suka riƙa wuce rumfarsa suna ɗaga masa hannu daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa mai ƙyanda.

Ƙungiyar layin ta zauna. Ciyaman ɗinta Zakari ne, wanda ya yi shekara tara yana wanke noti da kananzir a rumfar Baba Ezra, yanzu ga shi da furfura a gemu da garejin kansa. Tunda aka fara zaman bai kalli maigidansa ba, da benci yake magana.

"Maigida, ba ni na ce ba, ƙungiya ce ta ce. Za ka ɗaure inji ɗaya a gaban kowa. Mu rufe ƙasansa mu shafa fenti a kan notoci don kada a sake buɗewa. Motar ta yi wata guda a hanya. In ba ta buga ba, shi ke nan, da bakinmu za mu ba ka haƙuri. In ta buga, ka bar ɗaure ƙasan inji a layin nan har abada."

"Na ji," in ji Baba Ezra. "A kawo motar."

Nan fa aka rasa motar da za a kawo. Kowa na da kwastoma, amma babu wanda yake da kwastoman da ya tsana har haka. Aka yi ta kallon ƙasa har 'yarsa Blessing, wadda ta zo kawo masa abinci ta tsaya a bakin rumfa tana ji, ta ajiye kular ta cillo makullinta kan benci. Nas ce a wani asibiti a Zariya, kullum sai ta je ta dawo, injin motarta kuma dama ya soma hayaƙi yana neman a sauke shi.

"Ga tawa," ta ce. "Hannun babana ne ya ciyar da ni har na zama mutum. Ni ban ga abin tsoro a cikinsa ba."

Baba Ezra ya ji daɗi har ƙwalla ta taru masa. Sai da ya kama hanyar gida Unguwar Kanawa, ya ga tireloli suna zubowa daga hanyar Zariya gaban wannan na taɓa bayan waccan, sannan daɗin ya koma tsoro. Inji in ya buga ba ya duba ko akwai tirela a baya.

A ƙofar gida ya tarar da maƙwabcinsa Malam Sanda a kan tabarma, labari ya riga shi isowa. Shekara talatin suna raba katanga ɗaya, naman Sallah ya tsallaka nan, shinkafar Kirsimeti ta tsallaka can. Malam Sanda tsohon ma'aikacin awo ne, irin waɗanda ke bin kasuwa suna duba sikeli da mudu da famfon mai. Ya yi ritaya, amma awon bai yi ritaya daga jikinsa ba. Mutum ne da ya taɓa ƙwace mudun surukarsa a ranar sunan ɗansa na fari, saboda an bubbuge gindin mudun don ya rage ci. A gabansa ba a cewa ido ba mudu ba amma ya san kima. Ka faɗa, ya tambaye ka wa ya duba idon, kuma yaushe.

"Baban Blessing, wai da gaske da nishi kuke ɗaure inji?"

"Yau ka sani?"

"Wallahi shekara talatin na ɗauka ciwon baya ke damunku duka layin. To wa ya auna nishin?"

"Ni ne awon."

Malam Sanda ya yi salati ya shige gida. Ya fito da wani ɗan akwatin katako, ya buɗe shi a hankali kamar mai buɗe kayan lefe. A ciki akwai wani ƙarfe mai baki biyu, da fuska irin ta agogo mai allura ɗaya.

"Noti miƙewa yake yi," ya ce. "In ka ja shi yana ƙara tsawo, kamar roba, kuma ƙoƙarin da yake yi ya koma yadda yake shi ne riƙon. Wannan bakin a kansa, wannan a gindinsa, ka mai da allura kan sifili tun yana sake, sannan ka ja. Na duba littafin irin motar Blessing. Layi goma sha biyar ake so allurar ta tafi. Kaurin gashi biyu ke nan, ko ƙasa da haka."

Baba Ezra ya yi dariya har da nishi. "Malam, shekara arba'in ina tare da noti, ban taɓa ganin wanda ya girma ba. In suna miƙewa ai da yanzu na layinmu sun kai Jaji."

"Zan zo ranar," in ji Malam Sanda. Ya rufe akwatinsa.

Ranar Asabar layin ya cika. Masu shayi sun matso da teburansu, direbobin tasha sun bar lodi, har mai raken Rigachikun an ce ya zo ganin inda kayansa ya fito. An kifa injin Blessing a kan tsohuwar taya, cikinsa a sama, an sa sabbin zobban fistin da sabon metal, wato shimfiɗar da kwanrod ke juyawa a kai, notoci takwas suna jiran hannu. Ita kuma tana zaune a kan jarka da farin takalminta na aiki, tana cin gyaɗa.

Malam Sanda ya iso da babbar riga da akwatinsa, ya nemi a rubuta shi a matsayin shaida. Da ya yi bayanin miƙewar noti aka yi ta dariya, wani ya ce a auna masa matarsa ma don tun da ya aure ta take ƙara tsawon baki. Zakari ya ga abin nishaɗi ne, ya ce a gwada na'urar tukuna a kan nishin mutanen kirki, a ga ko tana da hankali. Aka danne wani tsohon kwanrod a bais, ƙarfen matse kayan aiki, aka yi layi.

Victor ya fara, wani ƙato da ake kira in za a tura tirela. Ya yi nishi biyu da rabi da suka tayar da tantabarun tasha. Malam Sanda ya leƙa ya ce layi ashirin da shida, notin ya wuce iyakarsa, ba zai ƙara komawa ba, a jefar. Victor ya ɗaga hannu sama yana jiran tafi, sai da aka fahimtar da shi cewa ba cin gasa ya yi ba. Aka sa wani notin. Husaini mai gyaran tasi ya samu sha ɗaya, ya ce bai karya ba ne, a ƙara masa rabin mai azumi. Wani ya samu sha takwas, wani sha uku. Wani siririn mutum da ba a taɓa jin nishinsa ba sai an kasa kunne ya samu sha biyar cif, nan take aka fara raɗe-raɗin yana da asiri.

Sai gardama ta kaure a kan rabin. Ashe shekara arba'in babu wanda ya taɓa tambayar ina rabin nishi yake ƙarewa. Mutanen gabashin layi suka ce a maƙoshi, na yamma suka ce a ƙirji. Wani dattijo ya ce shi tun zamanin soja a hanci yake tsayar da nasa, kuma babu injin da ya taɓa kawo ƙararsa. Aka kawo shawarar a kafa kwamiti. Aka kawo shawarar a naɗi nishin Victor a waya a riƙa kunnawa, kowa ya ja daidai da shi. Malam Sanda ya ce in ana so zai iya zuwa duk wata uku ya duba nishin kowa ya buga masa hatimi a wuyan riga, kuma da gaske yake.

Zakari ya buga sifana a kan bulok. Shi bai shiga layin gwajin ba, ya ce ciyaman ba ya nishi a gaban jama'a. "Ya isa! Ba nishinku aka zo dubawa ba. Maigida, bismilla."

Baba Ezra ya tashi, kuma da ƙyar ya danne nishin da ya taso masa wajen tashin. Duk wannan hayaniya shi bai yi dariya ba. Yana tsaye ne a bayan Malam Sanda yana kallon allurar, har ya gane yadda ake karanta ta: ƙananan layuka ɗaya ɗaya, dogon layi biyar. Ya ga yadda take tafiya a hannun ƙarti, ya ga ba ta san sunan kowa ba.

Malam Sanda ya kafa na'urar a notin farko na injin Blessing, ya mai da allura sifili. Su biyu kaɗai ke ganin fuskarta, sauran jama'a suna bayanta. Baba Ezra ya ɗauko sifanarsa mai zobe, wadda tafin hannunsa ya cinye wa rubutu, ya tofa yawu a hannu, ya ce a ransa yau ko zai mutu ba zai yi nishin banza ba. Ya ja. Nishin bai nemi izininsa ba, ya fito. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Ɗaya!" Ya sake ja. "Biyu!" Ya ja na ukun da duk abin da ya rage masa a kafaɗa, ya haɗiye rabin a maƙoshi yadda ya koya wa duniya, ya saki.

Allura tana kan tara.

Malam Sanda ya daɗe yana kallonta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce ko za ta ji kunya ta matsa. Sannan ya miƙe, ya sa babban yatsa ya rufe fuskar na'urar, ya dubi jama'a.

"Goma sha biyar," ya ce.

Layin ya ɗauki sowa. Victor ya rungume mai shayi. Zakari ya sauke ajiyar zuciya, karo na farko ya kalli maigidansa a ido yana murmushi, ya ce a kawo fenti, sauran bakwai ɗin ma ba sai an auna ba. Blessing ta tashi tana tafi, gyaɗa na zuba daga cinyarta, tana cewa, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba?"

Baba Ezra ya kalli abokinsa. Mutumin da bai ɗaga wa surukarsa ƙafa a kan mudu ba, yau ya yi ƙarya a gaban mutum ɗari saboda shi, ga gumi na bin wuyansa. Wata irin ƙauna ta kama shi, da haushi a cikinta. Sunansa ya dawo, ba abin da ya rage sai ya yi shiru. Sai ya kalli Blessing. Jibi da sassafe za ta hau hanyar Zariya da wannan injin, fenti a ƙasansa, ba mai ikon buɗewa sai bayan wata guda.

"Malam, ɗage yatsanka," ya ce.

"Baban Blessing, rana ce ke haska gilashin, shi ya sa na..."

"Ɗage, don Allah."

Malam Sanda ya ɗage. Baba Ezra ya juya na'urar yadda Zakari zai gani, ya ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji. "Tara ne. Tabaran Malam ne suka yi hazo. Ku zo ku duba, tara ne."

Sowar ta mutu a hankali, daga gaba zuwa baya. Bai jira kowa ya yi magana ba, ya sake kafa sifana. Wannan karon babu wanda ya ƙirga masa. Ya ja, ya ja, ya tokare ƙafa da taya ya ja, nishi na fita babu lissafi, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Allura ta rarrafa ta kai sha ɗaya ta tsaya. Kafaɗarsa ta saki, sifanar ta zame ta faɗi cikin yashi.

Malam Sanda ya sunkuyo ya yi masa raɗa, "A zura mata bututu mana, ta ƙara tsawo. Da yatsa biyu ma za ka kai."

"Bututu a notin kwanrod? Ka tambayi ciyaman abin da na yi masa ranar da na kama shi da bututu."

Zakari ya sunkuyar da kai. Korarsa maigidan ya yi a lokacin, kwana uku yana kwana a tasha, kowa a layin ya san labarin.

Baba Ezra ya ɗauki sifanar ya kakkaɓe mata yashi da gefen rigarsa. Ya miƙa ta da hannu biyu. "Zakari, zo ka ɗaure wa ƙanwarka inji."

"Maigida, ai ba a yanke hukunci ba. Sharaɗin wata guda ne."

"Na yanke. Karɓi. Kuma ban son jin nishinka, allurar nan za ka bi. Malam, kai kuma ka faɗi abin da ka gani, in ka ƙara mini ko layi ɗaya ba ni ba kai."

Haka aka ɗaure su takwas ɗin, ɗaya bayan ɗaya, ciyaman na ja, Malam Sanda na kira, Baba Ezra na tsaye a kansu hannu a baya yana duba kowace allura da idonsa. Na shida ya tsaya a sha huɗu, ya ce a ƙara. Layin Kawo bai taɓa ganin an ɗaure inji shiru haka ba, har wasu suka ce abin bai yi kama da aiki ba. Da aka kawo fentin Zakari ya ce a mayar, babu abin da za a shafa wa. Blessing ta zo ta tsaya kusa da uban ta riƙe masa kafaɗar da ta saki, tana matsawa a hankali da yatsunta na nas, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Ranar Litinin ya riga ta fitowa. Ya ce ta rage masa hanya zuwa Kawo, ta sauke shi a gindin gada. Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, sai na dawo." Ya ce Ubangiji ya kiyaye hanya, ta kuma kula da manyan motoci.

Bai tsallaka zuwa layin ba. Ya tsaya a bakin titi cikin masu jiran bas, ya karkata kai yana bin ƙarar injin da kunne, yana tsince ta daga cikin hon da ihun kwandastoci. Ta sa giya ta biyu, ta sa ta uku, ta miƙa hanyar Zariya. Babu ƙwanƙwasa, babu kaɗawa, ƙasan injin luf kamar sabo. Rabon da inji ya fita daga rumfarsa da irin wannan murya har ya manta. Abin da ya roƙa ke nan, kuma ya samu, ba da hannunsa ba. Ya tsaya a wurin har ƙarar ta ɓace masa, wani kwandasta na ta tambayarsa Baba ina za ka.